SANA'AR KITSO DA GYARAN GASHI: ABIN DA YA KAMATA MAI KOYO TA SANI

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ta gabatar a taron ƙungiya, a gaban 'yan matan da ƙungiyar ta ɗauki nauyin koyon sana'arsu a Samaru da Sabon Gari, Zariya.



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan sana'ar kitso da gyaran gashi, saboda ita ce sana'ar da mafi yawan 'yan matan da muka ɗauki nauyinsu suka zaɓa, kuma saboda aikina na gwamnati ya shafi zagaya wuraren koyar da sana'o'in mata. Na karɓi wannan aiki da farin ciki, domin na san akwai daga cikinmu waɗanda suka ba da gudummawarsu amma a zuciyarsu suna cewa, yanzu kitso ma sai an tara kuɗi an koya wa mutum? Ba a tsakar gida ake tashi da shi ba? To, gare su da kuma ga ƙannenmu zan yi wannan bayani, kuma a ƙarshensa ina da roƙo ga ƙungiya game da yadda za a kashe kuɗin da aka tara.

Da farko dai, sana'ar nan ta girmi duk wata takardar shaida da ke cikin zauren nan. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin wannan jiha tamu ta Kaduna, kuma masana sun tabbatar sun haura shekara dubu biyu. Duk wanda ya dubi kawunan gumakan nan zai ga gashi a tsare, wani an tara shi tuntu-tuntu, wani an kitse shi hawa-hawa, wanda ke nuna cewa tun wancan zamani akwai masu zama su tsara kai da tunani. A namu zamanin kuma, wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014, kuma an baje su a manyan ɗakunan nuna fasaha na Turai da Amurka. Abin da iyayenmu suka riƙa yi a kan tabarma da tsinke da man shanu, irin su doka da zane da kitson zare, shi ne wasu suka rataya a bango suna biyan kuɗi su kalla. Ita ma gwamnati ta san da haka. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, watau NDE, wadda aka kafa a 1986, ta daɗe tana sa matasa a hannun masu sana'a su koya, hukumar jarrabawar NABTEB tana jarraba fannin kwalliya, kuma a sabon tsarin karatun da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 fannin kwalliya da gyaran jiki yana cikin sana'o'i shida da aka ware wa makarantu.

Kasuwar kuma tana nan a ƙofarmu. Samaru tana fuskantar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take tara 'yan mata daga kowane lungu na ƙasar nan, ga matan ma'aikata, ga malaman jinya na Asibitin Koyarwa da ke Shika. Sabon Gari kuwa tun zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 ta zama mahaɗar Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna, ga barikin soja, ga babbar kasuwa. Ma'anar wannan ita ce yarinyar da ta buɗe shago a Hayin Dogo ko Ɗanraka ko Palladan, a yini ɗaya za ta iya kama kan Bafulatana mai gashi mai laushi, da kan ɗaliba daga Inugu mai neman a sa mata gashin doki, da kan matar aure wadda ba ta son kowa ya ga gashinta sai mijinta. Hannu ɗaya da salo ɗaya ba za su ishe su duka ba.

TSARA KAI

Abin da na lura da shi a wuraren koyo da yawa shi ne ana koya wa yarinya sunan kitso, ba a koya mata dalilinsa. Ta iya shuku, ta iya kalaba, ta iya zanen yawo, amma idan aka tambaye ta me ya sa shuku ya yi wa wance kyau bai yi wa wance ba, sai ta ce ai wance ta fi kyau ne kawai. Alhali akwai ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a ajin zane-zane ko ajin lissafi a makarantarmu. Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan, ku yi haƙuri, layi da kusurwa da kuka sha fama da mu a kansu, ashe a kan mutane ake aiki da su.

Tushen kitso shi ne tsaga. Ido yana bin layi duk inda ya nufa. Tsagar da ta tashi daga goshi ta miƙe zuwa tsakiyar kai tana ja ido sama, sai fuska ta ƙara tsawo. Tsagar da ta kwanta daga kunne zuwa kunne tana ja ido gefe, sai fuska ta ƙara faɗi. Wadda ta karkace ko ta lanƙwasa, irin ta zanen yawo, tana tausasa fuska, tana ɓoye kaifin muƙamuƙi. Daga nan komai ya biyo. Mace mai zagayayyar fuska da kumatu, kitson da ya tattara sama irin shuku shi ke taimakonta, domin yana ƙara mata tsawo. Idan aka zubo mata jela masu kauri a kan kunnuwa biyu, an ƙara faɗi a kan faɗi. Mai doguwar fuska kuwa akasin haka take bukata, a kwantar da tsakiyar kan, a bar cika a gefe. Mai faffaɗan goshi ba a janye mata gashi baya gaba ɗaya, sai a karkata tsagar farko ta gitta goshin. Haka nan a duba ƙeya, domin wata ƙeyarta a shafe take, sai a tara mata gashi a can ya cike gurbin, wata kuma ta fito, sai a kauce mata.

Sai daidaito tsakanin girman kitso da girman mai shi. Ƙaramar yarinya mai siririn wuya da aka ɗora wa jibgegen kitso, kitson ake gani yana tafe, ba ita ba. Mace mai jiki kuma da aka yi wa 'yan mitsi-mitsin kitso suka manne da kai, sai kan ya zama kamar ba nata ba. Shi ya sa nake ba ku shawara, ƙannena, kafin ki kama kan mace ki dube ta a tsaye tukuna, daga nesa kaɗan, sa'an nan ki zaunar da ita. Madubi yana nuna fuska ne kawai, mutanen gari kuwa mutum gaba ɗaya suke gani.

Game da ɓangarorin kai biyu, ko dai su yi daidai kamar tagwaye, ko kuma a karkata da gangan yadda kowa zai gane nufi ne. Abin da ido ba ya yafewa shi ne tsakanin biyun, watau dama ta ɗara hagu da layi ɗaya ko biyu. Maganin wannan ƙirga ne. A raba kai gida huɗu da kibiya tun kafin a fara, a ɗaure kowane gida, a san layi nawa za su fita daga kowanne. Wadda ta fara daga kunnen dama tana tafiya da ikon Allah, ita ce za ta iso kunnen hagu ta tarar da gashin layi ɗaya da rabi, sai ta cusa rabin a inda ta samu. Kuma a bar ado a wuri guda. Idan an yi zanen fure a gefe, sauran kan ya zauna lafiya, kada a ƙara duwatsu da zare mai launi da wata jela a gaba. Mu da muka yi zaman ɗakin kwana mun tuna kitson ranar Asabar, da hukumar makaranta take ƙayyade mana salo ɗaya tal, amma duk da haka an san hannun da ake bin layi a kansa. Ba komai ya bambanta shi ba illa tsabtar tsaga da daidaiton layi.

Akwai wani abu da littattafan koyon gyaran gashi na Ingila da Amurka ba za su gaya muku ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Mafi yawan matan da za su zo muku rufe kai suke yi. Kitson da kika yi zai kwana a ƙarƙashin hula, ya yini a ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi. Saboda haka ki tambayi kanki, ɗaurin ɗankwali zai zauna a kansa? Tuntun da na tara a nan ba zai tokare ta wajen kwanciya ba? Dunƙulen da ke gaban goshi ba zai dame ta a sujada ba? Ruwa zai kai ga fatar kai idan ta zo wanka? Malamar jinya da mace soja suna da hular aiki, su ma a tambaye su. Kuma kada ki bar mace ta rufe kai da danshi a gashinta, domin danshi da zafi da rufi su ke haifar da wari da ƙaiƙayi, kuma ke za a zarga.

Batun gashin doki kuwa, ku sani da yawan mata Musulmi ba sa yarda a ƙara musu gashi, saboda hani da ya zo a hadisi game da haka, yayin da wasu abokan cinikinku a Sabon Gari shi ne ma abin da ya kawo su. Aikinki ki tambaya, ki yi wa kowa abin da ta nema, kada ki tallata wa Hajiya abin da ta ce ba ta so, kada kuma ki yi wa Madam wa'azi a kan abin da ta saya da kuɗinta.

ZAFIN HANNU

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. An tashe mu a kan cewa kitso sai da zafi, wadda ta iya ja ita ce gwana, kuma yarinyar da ta yi kuka raguwa ce. Wannan fahimta ta cinye gaban goshin mata da yawa. Ku duba a gidan biki idan aka zame ɗankwali, za ku ga mata masu shekara talatin gashinsu ya fara daga tsakiyar kai.

A kan mutum akwai gashi wajen dubu ɗari, kowanne da saiwarsa a cikin fata, kuma a kullum guda 50 zuwa 100 suna zuba da kansu, wannan ba ciwo ba ne. Tsawon da gashi yake ƙarawa a wata bai wuce kimanin santimita 1 ba. Idan aka ja saiwa da ƙarfi sau ɗaya, za ta kumbura ta warke. Idan aka yi ta ja a wuri ɗaya mako bayan mako, shekara bayan shekara, sai wurin ya yi tabo ta ciki, kuma inda ya yi tabo gashi ba ya sake fitowa, ko da an shafa man kaɗanya buhu guda. Wata likitar fata a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta buga bincike a 2007 inda ta tarar da wannan zubewar gashi ta ja a kusan kashi 32 cikin 100 na manyan matan da ta duba, da kashi 17 cikin 100 na 'yan matan makaranta, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda suka sa man miƙar da gashi sa'an nan aka yi musu kitso mai ja a kansa.

Alamomin ba sa ɓuya. Idan fatar kai ta ɗago tana bin kitson, idan girar mace ta ɗaga sama, idan ƙananan ƙuraje suka fito a bakin gashi bayan kwana biyu, idan ta ce sai da ta sha maganin ciwon kai kafin ta yi barci, an ja fiye da kima. A kwance layin nan take a sake shi. 'Yan gashin nan masu laushi na gaban goshi da gefen kunne a bar su, ba dole ba ne sai an kamo kowane sili. A riƙa sauya inda ake tsaga, kada shekara guda ana raba kai a layi ɗaya. Kitson da aka ƙara wa gashin doki yana da nauyi, kada ya wuce mako shida zuwa takwas a kai, kuma bayan tsifa a ba gashi hutu. Ga yara kuwa, idan uwa ta ce ki ja da kyau don ya kai wata, ki yi mata bayani cikin ladabi cewa gara kitson mako biyu da goshi a cike. Wata za ta ji haushi ta koma wani shagon. Ki ƙyale ta, domin wadda ta ga goshin 'yarta ya tsira ita za ta kawo miki maƙwabtanta.

Malamanmu na kimiyyar haɗa magunguna sun koya mana ma'aunin tsami da kaifi mai lamba 0 zuwa 14. Gashi da fatar kai suna zaune ne wajen 4.5 zuwa 5.5, amma man miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, irin mai soda yana kaiwa 12 zuwa 14. Watau ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita ne, kuma aikinsa karya ƙullin da ke cikin silin gashi. Abu mai wannan ƙarfi ba a sa shi a kan da aka sosa, ko wanda aka tsefe yau, ko mai ƙuraje. A shafe fatar kai da bakin kunne da basilin tukuna, a sa shi a kan sabon tohon gashi kaɗai ban da wanda aka riga aka miƙar, a duba agogo a bi lokacin da aka rubuta a jikin kwali, a wanke da shamfunsa na musamman mai kashe kaifinsa. Maganar nan ta a bari sai ya fara zafi kafin a wanke, ƙuna ce ake jira. Tsakanin sawa da sawa a bar aƙalla mako takwas, kada a haɗa shi da rini a rana ɗaya, kuma ni a ra'ayina ba shi da hurumi a kan ƙaramar yarinya ko da an zana hoton yara a kwalin. Ya kamata kuma ku san cewa a 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na wajen shekara 11, inda aka ga waɗanda suke sa irin wannan mai fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke hukunci cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa ki daina zuga mace ta riƙa sawa kowane wata, kuma ke da kike taɓa shi kullum ki sa safar hannu. Duk man da aka ɗura a roba ba suna ba lambar NAFDAC, komai arharsa a kasuwa, ki wuce shi.

Haka baƙin rini da baƙin lalle. Yawancinsu suna ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda jikin wasu ba ya karɓa, sai fuska ta kumbura ko fata ta saɓule. Ƙa'ida ita ce a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. Ku tuna da wannan musamman ga amarya, a gwada mata tun ana saura mako guda, ba ranar kamu ba.

TSABTA

Hausawa suna cewa an yi kitso da kwarkwata idan aka rufe matsala aka yi ado a kanta. A wajenku wannan ba karin magana ba ne kawai. Kafin ki wanke ko ki taje, ki buɗa gashi da kibiya ki duba fatar kai a wuri mai haske. Idan kika ga makero, watau wuri zagayayye da gashi ya kakkarye yana fitar da fari, ki sani mataji ne babban abin hawansa daga wannan yaro zuwa wancan, kuma man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, sai an sha magani na makonni bisa umurnin likita. Ki ja uwar gefe ki gaya mata a asirce. Idan kwarkwata ce, akwai maganinta a kantin magani, kuma ana maimaitawa bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Abin da ba na so in ji an ce wata daga cikinku ta yi shi ne zuba fiya-fiya ko kananzir a kan mutum. Guba ce mai shiga jiki ta fata, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana sayar da irin wannan maganin ƙwari barkatai a kasuwanni da kantuna. Mai jego kuma da gashinta ya fara zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ki kwantar mata da hankali, yawanci yana dawowa da kansa, ki yi mata kitso mai sauƙi. Wadda tata zubewar ta ƙi tsayawa ki tura ta asibiti, kada ki zama likita.

Reza da allurar ɗinka gashi su ne masu haɗarin da ba a gani. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma wannan ƙwaya tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Saboda haka reza ɗaya mutum ɗaya, a ɓare ta a gabanta. Mataji da kibiya da allura a wanke da sabulu, sa'an nan a jiƙa minti 10 a ruwan bilic, awo ɗaya na mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 a awo shida na ruwa, a ɗauraye. Na san ruwa saye ake yi a hannun 'yan ga-ruwa, kuma tawul ɗaya ga mutum ɗaya yana da tsada. A sa kuɗinsa a cikin farashi, a gaya wa mai zuwa dalili.

MU'AMALA

Mace ba ta miƙa kanta ga wadda ba ta amince da ita ba. Sallama da sakin fuska ba sai na tsaya a kansu ba, an koya muku a gida. Ki kira kowa da abin da ya dace da ita, Hajiya, Mama, Anti, Madam, kuma ki daure ki koyi gaisuwa da Yarabanci da Ibo da Turancin kasuwa. Kafin ki taɓa kai ki yi tambaya: yaushe ta sa mai na ƙarshe, ina ke mata ciwo, kwana nawa take so kitson ya yi, biki za ta ko ofis. Idan ta nuna miki hoto a waya na wata mai irin gashin da ba ta da shi, ki gaya mata gaskiya tun a nan, ki kawo mata wanda ya yi kusa. A yanke farashi kafin a fara. Rigimar da ta fi yawa a shagunan da nake zagayawa ita ce ta kuɗin da aka faɗa bayan an gama.

Shagon kitso an san shi da hira, kuma mace idan ta sunkuyar da kai awa uku bakinta yakan buɗe. Abin da ta faɗa game da mijinta ko kishiyarta ya mutu a kunnenki. Samaru ƙaramin gari ne, wadda za ta zauna a kujerar gobe wataƙila ita ce kishiyar. A sa labule mai kauri a ƙofa, kada a bar samari suna leƙe ko zaman jira a ciki. Kuma ga sabuwar fitina, ɗaukar hoton kan mace a sa a WhatsApp ko Instagram don talla. Ba tare da izininta ba kada ki kuskura, ko da ba a ga fuska ba, domin an san kunne da ɗankunne, kuma irin wannan yana iya taɓa aure.

Ki riƙe alkawarin lokaci, musamman jajibirin Salla da Kirsimeti, inda kwaɗayi ke sa a karɓi kai goma alhali hannu na shida ne. Ki ajiye ɗan littafi, ki rubuta sunan kowa da irin gashinta da man da ya karɓe ta. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar Zariya tana busar da gashi ya riƙa karyewa, sai a yawaita mai, a rage zafin na'urar busarwa. Ku kuma yi tanadi don ranar da kasuwa za ta mutu. Masu shago a Samaru ba su manta da 2022 ba, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suka watse. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu abokan ciniki a cikin gari da masu zuwa kitso gida-gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma, duk aikin da sai an tayar da janareta ya ƙara tsada, wanda ya sa wadda ta iya kitson hannu da kyau ta fi samun kwanciyar hankali.

Ga roƙona ga shugabanni da 'yan'uwa. Na ji ana shawarar a yaye yaran nan bayan wata uku, a saya wa kowacce na'urar busar da gashi, a kira taro a ɗauki hoto. Ina ganin wata uku ya yi kaɗan, kuma na'ura ba ita ce farko ba. Ina roƙo a ƙara musu zuwa shekara guda, a rubuta yarjejeniya da iyayen ɗakinsu a kan abin da za a koya musu, don kada su ƙare a shara da aike. A cikinmu akwai likitoci da malaman jinya da masu ilmin magunguna, ina roƙon su ba da Asabar ɗaya a wata su zauna da yaran a kan cututtukan fatar kai da tsabtace kayan aiki. Malaminmu na zane-zane, idan lafiya ta bari, a ɗauko shi ya ba su takarda da fensir su zana tsaga kafin su zana a kan mutum. Daga cikin kuɗin na'urar a cire na rajistar jarrabawa ga waɗanda suka shirya, sauran a saya musu madubi da kujera da tawul da mataji masu yawa. Mu matan ƙungiya kuma, da matan 'yan'uwanmu maza, mu kai musu kawunanmu da na 'ya'yanmu, mu biya cikakken kuɗi, kada mu ce ai 'yar gida ce. Na miƙa wannan shawara a rubuce ga sakataren ƙungiya domin a tattauna ta a zaman kwamiti mai zuwa.